Yadda za ka gane ko lokacin sauya tabilet ɗinka ya yi

Tun daga shekarar 2010 da kamfanin Apple ya fitar da iPad ta farko, kusan babu shekarar da za ta wuce ba a ga sabon samfurin tabilet a kasuwa ba, ko daga Apple ɗin, ko daga Samsung, Lenovo, Xiaomi da Huawei, ko kuma daga Tecno, itel da Infinix waɗanda muka fi sabawa da wayoyinsu. Kowane sabon samfuri kan zo da talla mai sa mutum ya riƙa kallon ta hannunsa kamar ta tsufa, alhali jiya-jiya tana yi masa aiki lafiya lau. A da, mai hali yana iya biye wa wannan sha'awa ba tare da ya ji a jikinsa ba, amma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan da ake shigowa da su da dala suka yi tashin gwauron zabi, har ta kai kuɗin tabilet mai kyau guda ɗaya ya isa ya biya wa yaro kuɗin makaranta. Saboda haka shawarar sauyawa ta cancanci a zauna a yi mata lissafi.

Abubuwa uku ne ke gajiyar da tabilet: batir ya mutu, wurin ajiya ko ram (filin da na'urar ke aiki a kai) ya yi mata kaɗan, ko kuma kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata da sabuntawa. Na farko yana da magani, na biyu yana da magani rabi da rabi, na uku ne ba shi da magani ko kaɗan. Duk matakan da ke tafe hanya ce ta gano wanne daga cikin ukun nan ne ya sami taka.

Mataki na farko: rubuta aikin da kake yi da ita

Kafin ka taɓa na'urar, ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwan da kake yi da ita a cikin mako guda, sannan a gefe ka rubuta abin da kake son yi amma ta gaza. Ɗalibin da ke karanta littattafan PDF yana atisayen tambayoyin JAMB, malamin da ke buɗe Alƙur'ani da littattafan fiƙihu lokacin karatu, ɗan kasuwar da ke rubuta bashi da lissafin kaya, da uwar da ke kunna wa yara darasi a YouTube, duk waɗannan ba su buƙatar na'ura mai ƙarfin gaske, kuma tabilet mai shekara huɗu ko biyar tana iya ɗaukar nauyinsu. Wanda ke zane da alƙalamin na'ura, ko yake tace bidiyo, ko yake buɗe manhajoji uku a lokaci guda yana aikin ofis, shi ne ke da hujjar neman sabon inji.

Idan ka duba gefen abin da ta gaza ka ga babu komai a ciki sai "ta fara nauyi" ko "ba ta riƙe caji", to ci gaba da karatu, domin akwai yiwuwar gyara ya ishe ka. Idan kuwa ka rubuta wani aiki takamaimai, kamar manhajar banki ta ƙi buɗewa ko wata manhajar makaranta ta ce na'urarka ba ta dace ba, wannan babbar alama ce, kuma mataki na gaba zai tabbatar da ita.

Mataki na biyu: gano samfurinta da ko har yanzu ana sabunta ta

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. A iPad, ka shiga Settings, sai General, sai About, za ka ga sunan samfurin da lambar iPadOS, wato tsarin da ke tafiyar da na'urar. Daga nan ka koma General ka shiga Software Update ka ga ko akwai sabuntawa da ke jira. A tabilet mai Android, ka shiga Settings, ka gangara ƙasa zuwa About tablet, inda za ka ga lambar Android, kuma kusa da ita akwai kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe da na'urar ta samu. Wannan kwanan wata shi za ka fi kula da shi. Idan ya haura shekara guda kuma ka nemi sabuntawa aka ce babu, to alamu sun nuna kamfanin ya yi sallama da wannan samfuri.

Game da iPad, tarihin ya fito fili. iPad Air 2 ta 2014 ta tsaya a iPadOS 15. iPad zubi na biyar ta 2017 ta tsaya a 16, zubi na shida ta 2018 ta tsaya a 17, zubi na bakwai ta 2019 kuma ta tsaya a 18, domin iPadOS 26 da aka fitar a 2025 daga zubi na takwas ta fara. Wato iPad kan samu sabon tsari na tsawon shekara shida ko fiye, sannan Apple kan ci gaba da aiko da ɗan facin tsaro na wani lokaci bayan haka. A ɓangaren Android lamarin ya danganta da kamfani da kuma darajar samfurin. Samsung ya yi wa Galaxy Tab S9 ta 2023 alƙawarin sabon Android sau huɗu da sabuntawar tsaro ta shekara biyar, amma ƙananan tabilet masu araha na kamfanoni da dama kan samu sabon Android sau ɗaya ko biyu ne kawai, wasu ma ba su samu ko sau ɗaya.

Dalilin da ya sa wannan ya fi batir da allo muhimmanci shi ne, ranar da sabuntawa ta tsaya na'urar ba ta mutuwa, tana ci gaba da kunnuwa kamar babu abin da ya faru, sai dai ramukan tsaro da ake ganowa daga baya ba wanda zai toshe mata su. Bayan wani lokaci kuma masu manhajoji su fara janye hannu ɗaya bayan ɗaya. WhatsApp, alal misali, ya daina aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0 tun a 2023, kuma a 2025 ya daina aiki a na'urorin Apple da tsarinsu ke ƙasa da 15.1. Manhajojin banki sun fi saurin yin haka, kuma suna da gaskiya. A ganina, duk tabilet ɗin da ta daina samun facin tsaro bai kamata a bar manhajar banki ko imel na aiki a cikinta ba, ko da kuwa allonta na sheƙi. Tana iya zama ta karatu da kallo a gida, amma ba ta ajiyar dukiya da sirri ba.

Idan binciken ya nuna har yanzu ana sabunta taka, kuma da sauran shekara biyu ko fiye a gaba, to kusan duk wata matsala da take ba ka ta gyara ce.

Mataki na uku: auna batirin

Batirin lithium yana tsufa da yawan caji da kuma zafi. Apple ya ce an tsara batirin iPad ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 1000, kuma ya yi gargaɗi cewa zafin da ya haura digiri 35 na iya yi wa batir illa ta dindindin. Duk wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram ya san zafi kan haura digiri 40 a inuwa, don haka batirin da zai yi shekara biyar a ƙasa mai sanyi yana iya gajiya tun kafin haka a wajenmu, musamman idan ana barin na'urar a cikin mota da rana ko ana caji ana kallon bidiyo a ɗakin da babu fanka.

Sababbin iPad daga na 2024 suna da wuri a Settings, ƙarƙashin Battery, da ke nuna lafiyar batir da adadin cajin da aka yi. Tsofaffin ba su da shi, sai ka yi gwajin da kanka. Ka cika ta fal, ka cire caja, ka sa hasken allo a tsakiya, ka kashe intanet, sannan ka kunna bidiyon da ke cikin na'urar na awa guda cur. iPad sabuwa ana tallata ta da kusan awa 10 na irin wannan aiki, wato tana cin kusan kashi 10 a awa. Idan taka ta ci kashi 12 ko 15, batirin yana da sauran rai. Idan ta ci 25 ko 30, ko kuma ta mutu farat ɗaya tana nuna saura kashi 20, batirin ya gama aikinsa. Masu Samsung suna iya buɗe manhajar Samsung Members su yi gwajin batir a sashen binciken na'ura, gwajin awa gudan kuma yana aiki a kan kowace tabilet.

Kafin ka yanke wa batirin hukunci, ka leƙa ramin caji da fitila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu kan taru a ciki su daskare, har kan wayar caji ya kasa shiga ya zauna daram, sai na'urar ta riƙa karɓar caji tana saki. Ka kashe ta, ka sa tsinken sakace na itace a hankali ka fito da dattin, kada ka sa allura ko wani ƙarfe. Ka kuma gwada wata caja da wata waya masu inganci, domin cajar ƙaramar waya ba ta isar babban batirin tabilet, tana iya kwana a wuta da safe ka tarar ba ta cika ba.

Akwai alama ɗaya da ba a jinkiri a kanta. Ka ɗora na'urar a kan tebur ka duba gefenta daidai da idonka. Idan ka ga allon ya ɗago daga jikin ƙarfen ko da kaurin farce ne, ko bayanta ya yi tudu har tana lilo a kan teburin, batirin ya kumbura. Ka daina cajin ta nan take, kada ka danna allon don ya koma, kada ka kwana da ita a kan katifa, ka kai ta wurin mai gyara.

Canjin batir ya fi sayen sabuwa araha nesa ba kusa ba, amma a iPad da yawancin tabilet na zamani batirin yana ƙarƙashin allo ne, an manne su da gam, sai an ɗumama gefen an ɗaga gilashin kafin a kai gare shi. Don haka ka nemi mai gyaran da ya saba da tabilet, ba waya kaɗai ba, ku yi magana tun farko a kan wanda zai ɗauki asara idan gilashin ya fashe a hannunsa, kuma ka nemi ganin sabon batirin kafin a saka shi.

Mataki na huɗu: duba wurin ajiya da ram

Mutane da yawa kan haɗa waɗannan biyun, alhali aikinsu daban. Wurin ajiya shi ne inda hotuna, bidiyo da manhajoji ke zaune, ram kuma shi ne filin da na'urar ke aiki a kai a lokacin da ka buɗe abu. Idan wurin ajiya ya cika maƙil, na'urar kan yi nauyi, sabuntawa ma ta ƙi sauka. A iPad ka shiga General sai iPad Storage, a Android ka nemi Storage, za ka ga abin da ya cinye wurin. Sau da yawa bidiyoyin zaurukan WhatsApp da Telegram ne, da finafinan da aka sauke aka manta da su. Ka kwashe abin da kake so zuwa kwamfuta ko filashi, ka goge sauran, ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na wurin a buɗe, sannan ka kashe na'urar ka kunna. Yawancin tabilet na Samsung da Lenovo suna karɓar katin memori, wanda ke warware matsalar da kuɗi kaɗan, amma iPad ba ta da ramin katin, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Idan duk da haka tana nauyi, ka adana bayananka ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka saka manhajojin da ka rubuta a mataki na farko kawai, ka yi aiki da ita na mako guda. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, kuma shi ke raba na'urar da tarkace ya yi wa yawa da wadda injinta ya gaza. Idan bayan an wanke ta tas har yanzu kana fita daga manhaja ka dawo ka tarar ta fara daga farko, ko shafukan intanet suna sake lodi duk lokacin da ka koma kansu, to ram ne ya yi kaɗan, kuma ram ba a ƙara shi a tabilet. Mai Android da ram gigabait 2 ta riga ta shiga wannan hali, mai 3 tana bakin ƙofa.

Mataki na biyar: tantance abin da sabuwar za ta ƙara maka da gaske

A nan ne talla ke cin mutane. Daga samfurin bara zuwa na bana bambancin kan zama ɗan ƙarin sauri da mai karatu da kallo ba zai ji shi ba. Sauyin da ake ji a hannu yakan zo ne bayan zubi uku ko huɗu, kuma kaɗan ne daga ciki suka cancanci kuɗi. Ɗaya shi ne ramin caji na USB-C, wanda ya shigo iPad Pro a 2018, iPad Air a 2020, iPad mini a 2021, sannan iPad ta gama-gari a 2022, domin yana ba ka damar amfani da caja ɗaya da wayarka ta Android, ka kuma jona filashi kai tsaye. Wani shi ne wurin ajiya, inda iPad ta 2025 ta fara daga gigabait 128 maimakon 64 na wadda ta gabace ta. Allo mai kyau ma yana da daraja ga wanda ke shafe awanni yana karatu. Amma abubuwan ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayatawa, kamar Apple Intelligence da ke buƙatar injin M1 zuwa sama ko A17 Pro, ba su isa su zama dalilin sauya na'ura ga mai aikinsa da Hausa ba.

Sannan ka lissafa kayan da za su biyo baya, domin kuɗin na'ura ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Riga da gilashin kariya na tsohuwar da wuya su shiga sabuwar. Alƙalamin Apple Pencil zubi na biyu na 2018 ba ya aiki da iPad Pro da iPad Air na 2024, zubi na farko kuma yana buƙatar wani ɗan mahaɗi kafin ya yi aiki da iPad ta 2022. Samsung kan saka alƙalaminsa S Pen a cikin kwalin jerin Tab S, abin da ke rage wa mai zane ko mai rubutun hannu wani kaso na kuɗi. Idan kuma za ka tsallaka daga Android zuwa iPad ko akasin haka, manhajojin da ka saya da kuɗi ba za su bi ka ba, sai ka sake saye.

Batun layi ma yana buƙatar natsuwa. iPad mai karɓar sim data kawai take ja, ba a kiran waya da ita kamar yadda aka saba, ba a kuma danna lambobin nan masu tauraro da ake duba kuɗi ko sayen data da su, yayin da yawancin tabilet na Android masu sim suna yin duka. Bugu da ƙari, iPad Pro da iPad Air masu layi na 2024 ba su da ramin sim kwata-kwata, eSIM kaɗai suke karɓa, wato layin da ake saukewa a cikin na'ura ba tare da kati ba, don haka ka tabbatar kamfanin layinka yana bayar da shi a garinku kafin ka biya. iPad mai Wi-Fi zalla ba ta da GPS mai nuna ainihin inda mutum yake, wanda ke da muhimmanci ga ma'aikatan da ke tattara bayanai a ƙauyuka. Ga wanda ba ya wannan aiki, sayen mai Wi-Fi da jona ta da intanet ɗin wayarsa ya fi sauƙin kuɗi.

Mataki na shida: yi lissafin kuɗin kowace shekara

Hanyar da ta fi adalci wajen kwatanta zaɓi ita ce a raba kuɗin da shekarun sabuntawar da suka rage wa na'urar. Ga misali da alƙaluma na ƙiyasi don a fahimci hanyar, kai kuma ka saka farashin ranar da kake ciniki. A ce canjin batir zai ci naira dubu 40, kuma saura wa tsohuwar shekara 2 na sabuntawa, kowace shekara ta tsaya maka a dubu 20. A ce ta hannu tana dubu 200, ita ma saura mata shekara 2, kowace shekara dubu 100 ke nan. A ce sabuwa dal tana dubu 450, tana da shekara 6 a gaba, kowace shekara dubu 75. A wannan misali gyara ne ya yi nasara, sabuwa ta zo ta biyu, ta hannun da ta yi kama da araha ita ce mafi tsada. Ka cire abin da za a ba ka idan ka sayar da tsohuwar ko ka yi musaya da ciko, ka ƙara kuɗin riga, gilashi da alƙalami.

Daga wannan lissafi hukunci kan fito da kansa. Idan ana sabunta ta kuma batir ne kaɗai matsala, a gyara. Idan allo ya fashe kuma kuɗin gyaransa ya kai rabin kuɗin irinta a kasuwa, gara a sauya. Idan sabuntawa ta tsaya kuma kana hulɗar kuɗi da ita, ko ram ya gaza aikin da kake ci da shi, lokacin sauyawa ya yi. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka riƙe kuɗinka ka sake dubawa baɗi. Wanda ya ƙudiri saye kuma ba ya cikin gaggawa, ya sani Apple ya saba fitar da sababbin iPad tsakanin Maris da Mayu ko kuma a Satumba da Oktoba, kuma fitowar sabuwa kan sauko da farashin wadda ta gabace ta, wadda sau da yawa ita ce ciniki mafi kyau.

Mataki na bakwai: binciken da za ka yi a shago

Ko a Farm Centre ko titin Beirut a Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ƙa'idar ɗaya ce: kada ka biya sai an kunna na'urar a gabanka an jona ta da intanet. Ga sabuwa, ka gwada lambar siriyal da ke jikin kwali da wadda ke cikin About, ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba da sharuɗɗan garanti a rubuce. Ka guji tabilet marasa sanannen suna da ke iƙirarin ram gigabait 16 da wurin ajiya mai yawan gaske a farashin ƙaramar waya, domin ana iya sa na'ura ta nuna alƙaluman ƙarya a allonta, kuma araha ba ta ado. Ko a sanannun kamfanoni, idan ka ga an rubuta ram "4+4", na farkon ne ram na gaskiya, na biyun aro ne daga wurin ajiya kuma bai kai shi sauri ba. Ka buɗe Play Store, ka shiga Settings sai About, ka duba ko an rubuta cewa na'urar tana da shaidar Play Protect, wato amincewar Google. Ka sani kuma tabilet ɗin Amazon Fire ba ta zuwa da Play Store, haka ma sababbin na Huawei tun bayan takunkumin da Amurka ta sanya wa kamfanin a 2019, don haka wasu manhajojin da ka saba da su za su ba ka wahala a kansu.

Ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira tokumbo, tana buƙatar ƙarin haƙuri. Babban tarko shi ne makullin asusu. iPad ɗin da mai ita na farko bai cire asusunsa na iCloud, wato na Apple, ba, da zarar an goge ta za ta nemi kalmar sirrinsa, kuma ba tare da ita ba na'urar ba ta da amfani. Android ma tana da irin wannan makulli da ke neman asusun Google na baya. Maganin shi ne ka sa mai shago ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, ka bi matakan farko da hannunka har ka shigar da naka asusun. Idan a hanya ka ga an rubuta Remote Management, na'urar mallakar wata makaranta ce ko kamfani, kuma suna iya kulle ta daga inda suke, ka ajiye ta ka nemi wata. Bayan haka ka buɗe farin hoto ka ƙure haske ka duba ko akwai tabo, rawaya a gefe ko ɗigo baƙi, sannan ka buɗe wurin zane ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa da kuma gefe-gefe, inda layin ya yanke nan allon ba ya jin taɓawa. Ka gwada lasifika, makirufo, kyamarori biyu, maɓallai da caji, idan mai sim ce ka saka layinka ka ga ta kama. Ka nemi a ba ka kwanakin gwaji a rubuce a jikin rasit, domin a gida ne za ka iya yi wa batirin gwajin awa guda.

Mataki na takwas: kwashe kaya da sallamar tsohuwar

Kada ka rabu da tsohuwar sai sabuwar ta zauna sosai. iCloud yana ba da gigabait 5 kyauta, Google yana ba da 15, wanda sau da yawa ba ya isar hotuna da bidiyo, kuma ɗora su a intanet yana cin data mai yawa, don haka kwashewa kai tsaye ta fi. iPad biyu idan aka ajiye su kusa da juna, sabuwar kan nuna zaɓin Quick Start ta janyo komai daga tsohuwar. Samsung yana da Smart Switch, mai zuwa iPad daga Android kuma yana da Move to iOS. Ka tabbatar dukansu suna da caji sosai ko ka tanadi fawa banki kafin ka fara, saboda ɗauke wuta a tsakiyar aiki na iya sa a koma farko. Idan an gama, ka buɗe manhajojin banki, imel da littattafanka ɗaya bayan ɗaya ka ga sun buɗe.

Daga nan sai ka fita daga asusunka a tsohuwar kafin ka goge ta, ba bayan gogewa ba. A iPad ka taɓa sunanka a saman Settings ka zaɓi Sign Out, sannan General, Transfer or Reset iPad, Erase All Content and Settings. A Android ka cire asusun Google da na Samsung a sashen Accounts, sannan ka yi Factory data reset. Ka zare sim da katin memori. Idan yara za ka bar wa ita, ka buɗe musu asusu na daban, ka sauke musu darussa da karatun Alƙur'ani, kada ka bar katin banki a jone da shagon manhajoji. Idan ta mutu murus, a kai wa masu gyara su cire abin da ke da amfani, kada a jefa ta a bolar da ake cinna wa wuta, domin batirin lithium yana fashewa a cikin wuta.

A sabuwar kuma, tun ranar farko ka nemi zaɓin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85, wanda ke cikin sashen Battery a iPad na 2024 zuwa sama da tabilet na Samsung, ka kunna shi idan yawanci a gida ko ofis kake aiki da ita. Ka riƙa cire mata riga mai kauri idan tana caji a lokacin bazara, ka kunna sabuntawa ta atomatik, sannan ka rubuta shekarar da ake sa ran kamfanin zai daina sabunta ta a bayan rasit ɗin ka adana shi tare da kwalin.